Rigar kakana da tsutsar doka

Ana jibi babbar Sallah, shekara uku ke nan da 'yan watanni, na buɗe adakar da Baba ya bari don in fito da rigar kakana ta sha iska. Saƙi ce, mai ɗigo-ɗigon nan irin na zabo, an yi mata aska takwas da zaren tsamiya. Ina warware ta sai wani gari-gari ya zubo daga bakin aljihu. Asu ya shiga. Bai kula saƙin ba, aikin ya bi: ya cinye tsinin aska biyu da gefen tambari, ya bar ramuka kamar an watsa mata garwashi. Na zauna bakin gado da rigar a cinyata, har aka kira la'asar ban motsa ba.

Ni maɗinki ne a unguwar Yelwa, nan Garwa a arewacin Kamaru. Yau da keke nake aiki kamar kowa, da zaren kanti mai ƙyalli. Amma da allura na fara, a zauren Baba, shi kuma a zauren mahaifinsa, wanda fatauci ya kawo shi bakin Binuwai daga ƙasar Kano har ya zauna. Don haka gyaran bai tsorata ni ba. Hannun yana nan, zaren ne babu.

Da na yi zancen a shago, biyu daga cikin yarana suka ɗauka daga tsamiyar kunu ake samun zaren, ɗaya kuma ya ce ai sunan launi ne. Ban ga laifinsu ba, ba su taɓa riƙe shi ba. Tsamiya silikin daji ce. Wata tsutsa mai gashi kamar gizaka take yin ta. Tare suke cin ganye, tare suke tafiya a jere, kan wannan a wutsiyar waccan kamar ayari, in kuma lokacin kwanciyarsu ya yi wajen ƙarshen damina sai su taru wuri guda su saƙa gida ɗaya babba, kowace ta naɗe kanta a nata ɗan ɗakin a ciki. Wannan gidan ake ɗebowa daga daji. Yarbawa suna ce wa zaren sanyan, da shi suke saƙa tufar da suka fi girmamawa, mu kuma muna cin wuyan riga da aljihu da shi. Ba shi da ƙyallin alharini, launinsa tsakanin fari da ruwan ƙasa, amma yana da ƙarfi kuma yana da kwarjini. A zamanin kakana in ka ga tsamiya a ƙirjin mutum, ka san ba a banza ya same ta ba.

Uwar tsutsar kuwa faɗa-wuta ce. Mu dai duk wani ƙwaro mai ƙura a fiffike da ya zo yana kewaya fitila da dare, sunansa ke nan a wurinmu, na rana kuma malam-buɗe-littafi. Masana sun ƙirga irin na daren wajen 160,000, na rana ba su kai 20,000 ba, mu kuwa mun haɗa su duka a suna ɗaya. Asun da ya ci rigar ma ɗan gidansu ne. Wani ya saƙa, ɗan uwansa ya cinye.

Na fara neman zaren daga babbar kasuwa, rumfa-rumfa, wajen tsofaffin masu sai da kayan ɗinki. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce rabon da a kawo masa tsamiya tun yana da baƙin gemu. Na je kasuwar Pitowa Lahadi uku a jere, ina tambayar maharba da masu magani da Fulanin daji. Yawanci sun san abin da nake nufi, sai dai kowa ya ce da can. A ƙarshe wani tsoho mai sai da zuma, mutumin ƙauyukan hanyar Poli, ya saurare ni da Fulatanci har na gama, ya ce yana ganinta jefi-jefi in ya shiga duba amya. Na ba shi lambata, ban sa rai ba.

Sai cikin watan Maris, ana tsakiyar zafin nan da ke sa kwalta ta yi laushi, ya turo mini ita a cikin buhu ta hannun wani direba. Faffaɗa ce, kamar tafin hannu biyu a haɗe, da fata-fata a bayanta kamar tsohuwar takarda, ɓawon itacen da aka ɓamɓaro ta yana manne a jiki. Jaka uku na biya. Da na kai ta kunne na girgiza a hankali, na ji nauyi da ɗan motsi. Masu gidan suna ciki.

Inna, mahaifiyata, ta haura shekara 80, kuma ta kaɗa tsamiya tana amarya a gidan kakana. Ta karɓa da gefen zane, don gashin tsutsar yana nan a jikin gidan, in ya taɓa fata sai an kwana ana susa. Ta ce a ɗora tukunya. Ta zayyana mini aikin kamar jiya ta bar shi: a dafa cikin ruwan toka har danƙon ya saki, a wanke, a sake wankewa, a shanya a inuwa, a tsettsefe da yatsu, a shiɓe kamar auduga, sannan mazari da alli. Ta ce su kan shafa man shanu har gwiwar hannu kafin su taɓa.

Ɗan yayata ne ya hana ɗora tukunyar. Yaron ya yi karatu a makarantar namun daji ta nan Garwa, wadda aka buɗe a 1970, inda ake horar da masu gadin gandun daji daga ƙasashen Afirka da dama. Ya ce, "Kawu, don Allah kada a dafa su da rai. In an bari suka fita, gidan naka ne, ba abin da ka rasa." Ya yi gaskiya, kuma wannan ne abu na farko da na koya. Silikin ƙasar Sin warware shi ake yi, zare ɗaya dogo daga kowane ƙwanso, shi ya sa dole a kashe tsutsar da zafi kafin ta huda ta tsinka shi. Namu kaɗa shi ake yi. Ko an huda ko ba a huda ba, tsefe shi za a yi. Ashe duk shekarun nan da ake ɗebo gidajen da 'ya'yan a ciki ana dafawa, ba dole ne ya sa ba, gaggawa ce da tsoron kada wani ya riga ka.

Daga nan zuciyata ta wuce gyaran riga. Na ce me zai hana in kiwata su, in samu iri, in riƙa samun zare duk shekara, har in mayar da wasu daji. Yaron ya gargaɗe ni kada in yi amfani da gidan sauron da ake rabawa, don da magani a jikinsa, zai kashe su. Na ɗauko yadin raga irin na lulluɓin amare na ɗinka musu ɗaki, na rataye gidan a ciki, a ɗakin baya.

Cikin Mayu, kwana biyu bayan ruwa na biyu, na shiga da asuba na tarar da su manne a jikin ragar. Farare kamar kindirmo, da siraran layuka ruwan ƙasa a fiffike, matan da tulin gashi a wutsiya. Kwana huɗu suna fitowa, na ƙirga fiye da 60. Tare da su wasu ƙudaje masu kauri suka fito daga gidan, yaron ya ce waɗannan uwarsu ta yi ƙwai a jikin tsutsa tun tana kan ganye, sun cinye ta daga ciki sun gaje ɗakinta. Faɗa-wutar ba su ci komai ba, ba su sha komai ba. Suka yi barbara, matan suka jera ƙwai a jikin ragar suka lulluɓe da gashin wutsiyarsu, kafin mako ya zagayo duk sun zube ƙasa. Duk rayuwarsu ta fiffike ke nan.

A tsakanin nan Inna ta tafi Ngawundare zaman jegon jikarta. Ƙwan suka ƙyanƙyashe bayan tafiyarta. Ƙanana kamar zaren ɗinki, ɗaruruwa. Na tafi gindin tsamiyar bayan masallacinmu na karyo sabon toho mai laushi, na wanke, na jera musu. Suka hau, suka sauka. Na canza wata bishiyar. Na yayyafa ruwa. Na kai su inuwar tsakar gida don zafin ɗakin kwano. Suka ɗaura ayarinsu suna zagaya ragar, zagaye bayan zagaye, suna neman abin da babu shi a cikin garin Garwa, ga ganye kore shar a gabansu. Ayarin yana raguwa kullum. Rana ta biyar na share na ƙarshe da gashin kaza.

Da Inna ta dawo na ba ta labari. Ta yi shiru, ta ce, "Ganyen me ka ba su?" Na ce na tsamiya mana. Ta ce, "Kai, yaron nan. Ai tun ranar da aka kawo na san ta doka ce. Ba ka tambaye ni ba." Ta ce iri-iri ne. Tsamiyar tsamiya, wadda ke cin ganyen tsamiya ta shiga kogon itace ta yi gida, ita ce mai tsada. Tsamiyar doka kuwa a jikin ɓawo take manna nata, faffaɗa, kamar wanda aka kawo mini. Sunan ne ya ruɗe ni. Na tambayi yaron da ya yi makaranta, na tambayi waya, ban tambayi tsohuwar da muke cin tuwo tukunya ɗaya ba. Abin ya daɗe yana cin raina, don rayuka ne na sa aka ɗauko daga inda abincinsu yake, na kawo su inda yunwa ta kashe su. Daga baya na ga a rubuce cewa irin ta dokar masana sun laƙaba mata sunan Moloni, wani gwamnan Turawa da ya yi mulki a Legas. Sunan da Inna ta sani ya fi amfani, don yana gaya maka abin da za ka ba ta ta ci.

Bayan wannan ne na dukufa karatu da dare, yaron yana turo mini abin da ya samu, wani da Faransanci, wani yana fassara mini. Na yi mamakin ganin akwai mutanen da aikinsu ke nan, kiwon faɗa-wutar da ta kusa ƙarewa don a mayar da ita daji. A Ingila akwai wata 'yar ƙarama da tsutsarta ba ta cin komai sai ganyen wata ƙaya da ake kira barberi. Da aka gane cutar tsatsa ta alkama tana fakewa a jikin wannan ƙayar, manoma suka bi shinge-shinge suna tumɓuke ta. Ba wanda ya nufi ƙwaron da sharri, ba su ma san da shi ba, amma ya bi ƙayar ya tafi har ya rage a wurare ƙalilan. Aka kiwata shi a keji, aka sake shi, amma babban aikin da ake yi har yau shi ne dasa ƙayar a inda ba za ta cuci gonar alkama ba.

Wanda ya fi kama hankalina na gaɓar tekun Eseks ne, a gabashin Ingila. Tsutsarsa tana rayuwa cikin kara da saiwar wani tsiro ɗan gidan su karas, uwar kuma ba a jikin tsiron take yin ƙwai ba, a cikin busasshiyar doguwar ciyawar da ke kusa da shi take cusa su, su kwana a nan har sanyi ya wuce. Ke nan abu biyu take bukata a wuri ɗaya, in an yanke ciyawar an gama da ita ko da tsiron yana nan. Mazauninta kuma ƙasa ce mai kwari da teku ke barazanar cinyewa. Sai aka shirya da manoma, aka dasa tsiron a gonakin da ke kan tudu, aka bari ya kafu, gidan namun dajin Kolcesta kuma ya fara kiwonta a 2008, ana kai ƙwan ana ajiyewa a sababbin wuraren. Sun fara da abinci kafin su gayyato baƙo. Ni na gayyato baƙo, sannan na fita neman cefane.

A wannan gaɓar dai an yi wata koriyar faɗa-wuta mai cin wani ɗan uwan tazargade, wadda ba a yi nasara da ita ba. Ta ɓace daga daji, aka ci gaba da riƙon 'yan kaɗan a keji, dangi na auren dangi har irin ya raunana, ƙwai ya daina ƙyanƙyashewa, a shekarun 1990 ta ƙare daga ƙasar. Keji ba gida ba ne, zango ne.

Akwai kuma labarin wani shuɗin malam-buɗe-littafi da ya ƙare a Birtaniya a 1979, wanda nake so makiyayanmu da masu gadin daji su ji tare. An yi ta killace wurarensa don a kare shi, ana hana dabbobi kiwo, yana ta raguwa. Ashe tsutsarsa a ramin wata jar tururuwa take girma, tururuwar kuma sai ƙasa mai ɗumi, inda dabba ta kiwace ciyawa ta yi gajere. Shingen da aka yi don ceto shi ya taya kashe shi. Sai da aka gano haka, aka mayar da kiwo, sannan aka ɗebo iri daga Suwidin a shekarun 1980, ya zauna. Ba kullum ne korar saniya ke gyara daji ba.

Da na fara zumuɗin ko za a samo mini iri daga Najeriya ko kudancin Kamaru, yaron ya taka mini burki da labarin wani Bafaranshe mai suna Turubelo. Shi ma siliki yake nema. Ya kai wata faɗa-wuta daga Turai zuwa jihar Masacuset ta Amurka a ƙarshen shekarun 1860, wasu suka kuɓuce masa, yau fiye da shekara 150 jikokinsu suna cinye ganyen dazuzzukan gabashin ƙasar. Ya ce, "Kawu, abin da za ka saki a daji, ya zama ɗan dajin ne." Na karɓa.

Mu nan arewacin Kamaru bai kamata a ba mu labarin ƙarewar halitta ba. Baƙin karkandan yammacin Afirka a dazuzzukanmu ya yi zamansa na ƙarshe. Aka bi sawu a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar ya ƙare daga duniya. Ba a ajiye ko guda biyu a wani wuri ba balle a kiwata. Maƙwabtanmu na Cadi sun ga fuska biyu ta wannan aiki. Mariri, ɗan gidan su barewa mai dogayen ƙahoni, wanda aka ce ya ƙare daga daji a shekarar 2000, an yi sa'a akwai shi a gidajen kiwo. A 2016 aka fara kawo su da jirgi daga Abu Dabi zuwa gandun Wadi Rime da Wadi Ashim, suka hayayyafa, har a ƙarshen 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Amma karkanda shida da aka kawo gandun dajin Zakuma na Cadi daga Afirka ta Kudu a 2018, huɗu sun mutu cikin 'yan watanni, ba harsashi ba, ba tarko ba, jikinsu ne bai karɓi abincin sabon wurin ba. Da na ji wannan sai na tuna ayarin tsutsotsina. Dabbar da ta fi tan ɗaya da ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa ba, abu ɗaya ya kayar da su.

Ina jin daɗin abin da aka yi wa mariri har zuciyata. Abin da ke damuna shi ne babba kaɗai ake gani. Giwa in ta ragu za a ƙirga daga jirgin sama. Tsamiya ta janye daga kasuwanninmu a hankali, muka ce zamani ne, zaren kanti ya fi araha, ba wanda ya je ya duba ko tana nan a kan itacen. Kuma kiwonta ba ya son jirgi ko dala miliyan. Kuɗin ragon layya ɗaya ya isa a fara.

Wanda ya bi hanyar kudu daga Garwa, ya wuce Ngong, ya san abin da nake gani. Buhunan gawayi a tsaye bakin titi kamar masu jiran mota. Gonakin auduga da masara inda da kurmin doka ne, tun da jama'a suka yi ta gangarowa daga arewa mai nisa neman ƙasar noma, musamman bayan an gama madatsar Lagdo a 1982. Ba zan zagi kowa ba. Mutum yana da 'ya'ya, ƙasar garinsu ta gaji, ina zai je? Kuma gawayin nan gidana ake kawo shi, da shi ake dafa abin da nake ci, da shi nake guga in wuta ta ɗauke. Ga wutar daji ta rani, wadda ke lashe gidan tsutsar da ke manne a ɓawo tun kafin masu shi su farka. Ga feshi. Manomi a yau in ya ga tsutsa maƙiyi ya gani, kuma yana da hujja: ta auduga tana huda masa ƙwallo, ga wadda ta shigo Afirka a 2016 tana cin zuciyar masara. Amma maganin ba ya tambayar suna, iska kuma tana kai shi kan dokar bakin gona.

Duk da haka kiwon ƙwari ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Nijar ana kiwon wata faɗa-wutar hatsi a cikin 'yan buhunan algarara, don a hayayyafa wani ɗan mitsitsin zanzaro a jikin tsutsarta, a rataye buhunan a ƙauyuka, zanzaron ya fita ya kashe tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Manoma ne ke karɓa suna ratayewa. A Kenya kuma, a dajin Kakamega, masu binciken ƙwari na wata cibiya da ke Nairobi sun gwada da 'yar uwar tsamiyarmu: maimakon a kawo ta gida, sai a sa wa reshen da take ci rigar raga a can kan itacenta, tsuntsu da ƙuda da zanzaro su kasa kai gare ta. Waɗanda suka rayu sun fi yawa nesa ba kusa ba. Da na ga hoton na ce wannan ai hannun riga ne, aikina ne.

Da damina ta sake zagayowa na hau babur na tafi wurin Baba mai zuma da kaina. Ya kai ni wani ɗan kurmi a bayan gonarsa, doka ba ta fi 40 ba, sabon ganyenta ja kamar an shafa lalle. A nan ya rataye amyarsa, shi ya sa gatari bai shiga ba. Muka yi yini biyu muna ɗaga ganye kafin muka samu gungu uku na ƙananan tsutsotsi. Na zura musu hannayen ragar da na ɗinka, kowanne kamu uku, da zariya a baki biyu. Muka yi sharaɗi: ba zai ƙara ɓamɓaro gida mai rai ba, ni kuma duk gidan da masu shi suka fita zan saya a farashin da na sayi na farko. In sun cinye ganyen reshe, ƙaramin ɗansa zai matsar da su wani. Kafin rani kuma za a share ciyawa a kewaye kurmin saboda wuta, ni zan biya 'yan aiki.

Ɗaya cinnaka suka shiga ta bakin zariya suka gama da ita a dare ɗaya. Ɗaya iskar hadari ta karya reshen. Ta ukun ta kai. Da suka girma suka fara sauka neman wurin kwanciya, ya kwance musu ragar, suka yi ayari suka gangara jikin itacen, suka manna gidansu a tsayin kafaɗa. Ya kira ni a waya yana dariya, ya ce in zo in ga surukaina sun yi gini. Wuta ta zo cikin Janairu, ta tsaya a bakin sharar. Da ruwa ya sauka suka fita abinsu, cikin duhun daji inda babu ƙwan lantarki da zai ja su, ga doka a ko'ina. Ba wanda ya gan su. Gidan kawai aka tarar da 'yan ƙofofi a jiki, mara nauyi kamar audugar rimi. Ya haɗa da wani da ya tsinta a can cikin kurmin ya aiko mini.

Inna ta shafa man shanu har gwiwar hannu. Ta sa 'yata ta biyu ta zauna kusa da ita, ta ce ido ba ya koyon kaɗi, sai yatsa. Kwana shida suna yi, zaren yana tsinkewa a hannun yarinyar, tsohuwa tana ƙullawa. Abin da ya fito bai fi ƙwan agwagwa ba. Da shi na cike tsinin aska ɗaya. Sabon ya fi tsohon haske, duk wanda ya matso zai ga inda hannuna ya shiga aikin kakana, kuma ban yi niyyar ɓoye shi ba. Ɗaya askar da gefen tambarin suna nan da ramukansu.

Bana muna da hannun raga tara. Akwai wani kurmin doka bayan rafi, tafiyar rabin sa'a daga na farko, inda Baba mai zuma ya ce yana yaro nan suke ɗebo tsamiya, yanzu shekaru bai ga ko ɗaya ba. In gungun bana sun yi yawa, muna so mu yanki reshe ɗaya mai ƙwai mu ɗaura a can. Sai dai shekaranjiya ya kira ni da dare, muryarsa ba daɗi. Wani ya je wurin jauro, wato mai garin, neman wannan kurmin na bayan rafi, zai sare ya yi gonar auduga, kuma an ce masa a dakata sai bayan kasuwa. Na sayi goro ƙwarya ɗaya, na naɗe rigar a cikin zane mai tsabta da ragowar zaren a aljihunta. Gobe in Allah ya kai mu, bayan sallar asuba, zan ɗauki hanyar Poli.